Jirgin Ƙanƙara: Mu a Wane Tarago Muke?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Akwai wani ƙorafi da yake yawo a bakin iyaye da yayye 'yan kwanakin nan, a majalisa da kuma nan Facebook: wai samari sun koma karanta katun a waya. Ƙato da gemunsa, yana aji uku a jami'a ko ma ya gama hidimar ƙasa, ka leƙa wayarsa ka ga zane-zane yake bi shafi bayan shafi. Abin da ya fi ba mutane haushi ma shi ne irin labaran da wasunsu suke so: duniya ta daskare, dusar ƙanƙara ta binne birane, 'yan tsirarun da suka rage suna faɗi-tashin neman abin da za su sa a baki. Sai ka ji an ce, kai da kake zaune a Gyadi-Gyadi, inda a watan Afrilu kwalta take laushi a ƙarƙashin takalminka, me ya haɗa ka da ƙanƙara? Ina ruwan biri da gada?

Ni dai ina ganin yaran nan sun fi masu yi musu faɗa gane abin da suke karantawa. Kai, zan ma iya cewa da wuya a sami mai karatun da labaran nan suka yi wa daidai kamar ɗan Kano na yau.

Da farko mu raba tsakanin katun ɗin yara da abin da ake magana a kai. Littafin labari cikin zane, wanda yaran suke kira kwamik, na Japan kuma manga, a ƙasashe irin su Faransa da Beljiyam da Japan da Ajantina adabi ne na manya, ana sayar da shi a kantin littattafai kamar yadda ake sayar da ƙagaggen labari. Kuma mafi shahara a cikin na ƙanƙarar nan daga Faransa ya fito. Jacques Lob ne ya rubuta, Jean-Marc Rochette ya zana, aka fara buga shi kashi-kashi a wata mujalla a 1982, baƙi da fari, babu kala. Sunansa na Turanci shi aka fi sani, wato Snowpiercer, saboda fim ɗin da Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu ya yi da shi a 2013. Shi ne dai mutumin da ya lashe kyautar Oscar a 2020 da fim ɗin Parasite.

Ga labarin a taƙaice. Duniya ta daskare, duk abin da ke waje ya mutu. Waɗanda suka rage suna cikin wani jirgin ƙasa mai tarago 1001, yana ta tafiya ba tsayawa, domin ranar da ya tsaya ɗumi ya ƙare, kowa ya sandare. Taragun gaba na manya ne: shugabanni, hafsoshin soja, masu kuɗi, da abinci mai kyau da ɗakin kwana da wurin shaƙatawa. Na tsakiya suna lallaɓawa. Na can baya kuwa, waɗanda suka kutsa jirgin da ƙarfi ranar da zai tashi, an cusa su kamar buhuna, babu haske babu abinci, an kulle ƙofa an sa soja. Wani mutum mai suna Proloff ya gudo daga bayan, aka kama shi, ana ta wucewa da shi tarago bayan tarago zuwa gaba, mu kuma masu karatu muna ganin yadda jirgin yake ta idonsa. Mutanen jirgin har sun mai da injin abin bauta. Daga baya sai ta bayyana cewa jirgin ya fara rage gudu, kuma shawarar da manya suka yanke ita ce a kwance taragun baya a bar su a cikin ƙanƙara, don nauyi ya ragu.

To yanzu ku ajiye ƙanƙarar gefe ku duba abin da ya rage. Ƙanƙarar nan aikinta ɗaya ne a labarin: ta toshe hanyar gudu. Ba ƙauyen da za ka koma, ba Saudiyya ko Libiya da za ka tsallaka. Sauran labarin kaf a kan rabo ne, waye zai samu ɗumi, waye zai samu fili, waye za a ce ya yi wa jirgi nauyi.

Yanzu ku gaya mini, mutumin da yake biyan kuɗin wuta a Najeriya yana buƙatar a fassara masa wannan? Mu fa a hukumance aka raba mu tarago-tarago, har da haruffa. Band A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, wannan ma a takarda ke nan. A farkon Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit na 'yan Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage, kuma ita da kanta ta ce waɗannan ba su wuce kashi 15 cikin 100 na masu amfani da wuta ba. Ma'ana mai iya biya a ba shi, sauran su jira abin da ya rage. Ban ce babu hujjar tattalin arziki a ciki ba, akwai, kamfani ba zai sayar da kaya a kan asara ba har abada. Su ma manyan jirgin Lob ai suna da hujja, da gaske jirgin yana rage gudu. Abin da littafin yake tambaya shi ne, me ya sa duk lokacin da za a rage nauyi daga baya ake fara kwancewa?

Mun kuma ɗanɗana yadda abin yake idan injin ya tsaya gaba ɗaya. Ƙarshen Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, sai na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu sama da mako guda. Duk wanda yake Tarauni a lokacin ya san wuta ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana ɗaukewa bohol ya tsaya, 'yan garuwa su yi wuya, jarka ta tashi. Mai niƙa ya koma injin fetur ya ninka kuɗi, fetur ɗin da tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Mai walda ya zauna, tela mai keken lantarki ya zauna, matar da take ƙulla zoɓo da kunun aya a gida jarinta ya narke a firji. Wajen mai cajin waya ya koma kamar layin zaɓe. Idan ka biyo Court Road da daddare ka gangara cikin lunguna, za ka iya ƙirga gidajen da ke da sola daga nesa, su kaɗai ne ke da haske, kamar taragun gaba.

Wani abin dariya ma, su Turawa abin tsoronsu a labaran nan ƙanƙara ce, mu kuma kuɗi muke sakawa mu saye ta. Azumi ya faɗo a bazara, ka ga magidanci da mutuncinsa ya bi layi bayan la'asar yana jiran ƙullin ƙanƙara, ya samu ya rungumo ta kamar jariri. Da za a kawo Proloff kasuwar Tarauni a irin wannan rana da ya ce mun haukace.

Kada wani ya ɗauka ina zagin mai sola ne ko mai bohol. Wanda Allah ya hore wa ya saka, iyalinsa yake karewa. Inda littafin Lob ya fi ciwo ma ba a kan manya ba ne, su an san halinsu. A kan na tsakiya ne. Akwai wata budurwa a labarin, Adeline, 'yar wata ƙungiya mai fafutukar a kyautata wa mutanen baya, da zuciya ɗaya take yi, amma yawancin maƙwabtanta na tsakiya tausayinsu bai kai tsoronsu ba: tsoron kada a buɗe ƙofa na baya su shigo, ɗan filin da suke da shi ya ƙare. Mu masu dogon rubutu a Facebook da masu karantawa, yawancinmu nan muke. Muna da ɗan inbata, muna da data, albashi yana kai mu ashirin ga wata. Bayanmu kuma akwai yaran da a wannan hunturun suke kwana a zaure da barandar shaguna da riga ɗaya, da asuba ka gan su sun kewaye wutar kwali da roba suna miƙa hannu. Sanyin Kano a Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 10 zuwa 13 da dare. Bature zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. A ba shi tabarma da siminti da cikin da bai ci tuwon dare ba, sai mu ji.

Akwai kuma wani ɓangare da ko masu karanta labaran ba kowa ya sani ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Idan duniya ta yi sanyi irin na labaran nan, mu ba dusar ƙanƙara za mu gani ba. Damina ce za ta ƙi zuwa.

A fim ɗin Bong, abin da ya daskarar da duniya wani sinadari ne da gwamnatoci suka fesa a sama don su rage ɗumamar yanayi, sai abin ya zarce. Wannan dabara ba ƙirƙirar ɗan fim ba ce, masana suna tattauna ta da gaske: a watsa ƙurar farar wuta can ƙololuwar sama ta tare wani kaso na hasken rana, kamar yadda dutse mai aman wuta yake yi idan ya fashe. A 2013 wani masanin yanayi na Birtaniya, Jim Haywood, da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan abin da hakan zai yi wa yankinmu na Sahel. Suka duba ruwan sama daga 1900 zuwa 2010, suka ga uku daga cikin damuna huɗu mafi bushewa sun biyo bayan manyan aman wuta a rabin duniya na arewa. Dalilin shi ne, idan arewacin duniya ya yi sanyi fiye da kudanci, jerin hadarin da ke hawowa ya kawo mana ruwa sai ya tsaya can kudu, bai iso mu sosai ba. Suka yi gargaɗin cewa duk wanda ya fesa wannan ƙura a arewa kaɗai, Sahel ce za ta biya.

Duwatsun da ake magana su ne El Chichón na ƙasar Meziko da ya fashe a 1982, aka yi farin 1983 da 1984 wanda iyayenmu suke tunawa, da kuma na yankin Katmai a Alaska da ya fashe a watan Yunin 1912. Shekarar da ta biyo, 1913, damina ta gaza a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba, wadda ta kai har 1914 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram. Dutse ya yi aman wuta a ƙasar ƙanƙara, rumbu ya bushe a Dawakin Kudu. To wa ya ce babu ruwanmu?

Kuma ku lura, har jirgin ƙasa akwai a namu labarin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan a 1912, ga harajin Bature da ake karɓa da kuɗi. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya yi bincike, ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983, hujjarsa ita ce fari shi kaɗai ba ya zama yunwa. Ƙasar Hausa ta saba da fari tun fil azal, kuma tana da matakan kariya: rumbun tsimi, gandu, gayya, zakkar hatsi, da nauyin da ke kan mai sarauta da mai hali su buɗe rumbu idan abu ya ɓaci. Abin da mulkin mallaka da kasuwar kuɗi suka yi shi ne sassauta waɗannan igiyoyi, sai fari ya zo ya tarar da talaka shi kaɗai. Wannan fa ita ce maganar Lob, shi da zane, Watts da tarihi.

Sai dai ni a cikin labaran ƙanƙara ba na Faransa ne ya fi burge ni ba. Na Ajantina ne, El Eternauta, wanda Héctor Oesterheld ya rubuta, Francisco Solano López ya zana, aka buga shi mako-mako daga 1957 zuwa 1959. Netflix ta mai da shi fim mai dogon zango a ƙarshen Afrilun 2025, ta nan yaranmu da yawa suka san shi.

Shi wannan ba a wata duniya ta nesa ya faro ba. Wasu abokai huɗu ne suna karta da daddare a ɗakin sama na gidan ɗayansu, Juan Salvo, a wata unguwa a gefen birnin Buenos Aires, matarsa da 'yarsa suna ƙasa. Sai wuta ta ɗauke, gari ya yi tsit. Suka leƙa taga suka ga wani abu kamar dusar ƙanƙara yana sauka, duk wanda ya taɓa ya faɗi matacce. Ɗaya daga cikinsu ya kasa haƙuri saboda iyalinsa, ya fita da gudu, bai yi nisa ba ya faɗi. Sauran suka toshe duk wata kafa ta gidan, suka haɗa rigar kariya da tarkacen da ke hannunsu, suka fara fita ɗaya-ɗaya neman abinci. Daga baya aka gane wasu halittu ne daga wata duniyar suka kawo hari.

Abu biyu nake so masu zanenmu su ɗauka a nan. Na farko, Buenos Aires ba garin ƙanƙara ba ne. A tarihinsa na kusa sau biyu ake lissafa ta sauka sosai, 1918 da 2007. Duk da haka Oesterheld bai kai labarinsa Landan ko New York ba. Ya saukar da bala'in a titunan da masu karatunsa suke bi kullum, da sunayensu, har aka gwabza yaƙi a filin ƙwallon River Plate. Mai karatu yana cikin bas yana karantawa, ya ɗaga kai ya ga shataletalen da aka kashe mutane a shafin da ya wuce. Abin da ya sa labarin ya kama su ke nan har yau.

Na biyu, babu wani jarumi guda mai ƙarfin tsiya a ciki. Salvo ɗan ƙaramin mai masana'anta ne, abokinsa Favalli malamin kimiyya, akwai yaron shago da suka tsinta a kulle, akwai wani matashi ma'aikacin ƙarfe mai suna Franco wanda ya tsira shi kaɗai ya ɗinka tasa rigar, saboda ya saba karanta irin waɗannan labarai, ya gane abin da ke faruwa da wuri. Masu cewa karatun nan ɓata lokaci ne, ga amsarku tun 1957. Kowa a cikinsu da abin da ya iya, kuma babu wanda zai kai gobe ba tare da sauran ba. A fim ɗin Netflix ma an ƙara wani abu mai daɗi: duk na'urorin zamani sun mutu, tsofaffin motoci da tsofaffin rediyo ne kaɗai suke aiki. Na ce a raina, da a Kano ne da kanikawa da 'yan gwangwan da mutanen Kofar Ruwa su ne sarakai.

Shi marubucin ƙarshensa ba daɗi. Ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Montoneros, gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a 1976 ta sace shi a 1977, ba a sake ganinsa ba. 'Ya'yansa mata huɗu duk haka aka yi da su, biyu a cikinsu suna da juna biyu. Wanda yake ganin zane wasan yara ne ya tambayi sojojin Ajantina.

To tsakanin littattafan nan biyu, wanne ne mu? Gaskiya duka biyun. Tsarin da aka ɗora mu a kai na jirgin Lob ne, amma abin da yake riƙe da unguwanninmu har yanzu na gidan Salvo ne. A duhun Oktoban nan, abin da ya hana mutane tagayyara shi ne gidan da ya fito da famfo ta jikin katanga ya bar shi a buɗe, da maƙwabcin da ya jawo waya daga solarsa ya ajiye soket a zaure, da matar da ta karɓi maganin maƙwabciyarta mai ciwon suga ta saka a firjinta, da mai shagon da ya ci gaba da rubuta bashi a littafi alhali ya san wata ya yi nisa. Babu wanda ya ba su umarni. Damuwata ita ce wannan ɗabi'a tana sirancewa. Sabon gini yanzu katanga ce mai tsawo da waya a sama, babu zaure, babu dakali. Zaure fa shi ne wurin da baƙo da almajiri da maƙwabci suke da haƙƙi a gidanka ba tare da sun nemi izini ba. Mun cire shi daga taswirar gini, ba mu sa komai a madadinsa ba. A ranar 1 ga Agustan 2024 mun ga abin da ke faruwa idan mutanen taragon baya suka gaji suka ɓalle ƙofa: ba tsari, ba jagora, aka fasa shaguna da ma'aikatu, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita, washegari kowa ya koma taragonsa.

Na san akwai masu cewa labaran ƙarshen duniya shisshigi ne a cikin abin da Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Ina girmama wannan damuwa, amma a duba da kyau: babu tashin alƙiyama a littattafan nan. Rushewar tsarin rayuwa ce, mutane suna nan da ransu, ana kallon halin da za su nuna. Irin wannan kuwa ya sha faruwa. Mutanen Maiduguri sun kwanta ranar 9 ga Satumban 2024, suka tashi madatsar Alau ta ɓalle, rabin gari a cikin ruwa. Inda nake tare da iyaye ɗari bisa ɗari shi ne ba kowane zane ne na yara ba. Akwai wani na Japan mai suna Fire Punch na Tatsuki Fujimoto, wanda ya fito daga 2016 zuwa 2018, shi ma duniyar ƙanƙara ce, amma akwai cin naman mutane da wasu ƙazantattun abubuwa da ko babba sai ya kau da kai. Shi kansa littafin Lob akwai shafukan da ba na yaro ba ne. Uba ya karɓi wayar ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ya duba, wannan haƙƙinsa ne. Amma a duba ɗin, kada a yanke hukunci daga bakin ƙofa.

Abin da ya rage shi ne tambayar da ta fi damuna: ina namu?

Ba wai ba mu da hannu ba ne. Duk mai bin zanen Mustapha Bulama a Daily Trust ya san ɗan Arewa yana iya faɗin abin da shafi uku na sharhi bai faɗa ba da zane ɗaya. Ba kuma wai Bahaushe bai san ƙagaggen labarin kimiyya ba, tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Littattafan yaƙi na su Abdulaziz Sani Madakin Gini da samari suka yi ta haya a shagunan unguwa, ai rabinsu zane ne da ba a zana ba. Masu zana bangon littattafan soyayya na shekarun 1990, da masu rubutun jikin mota da allon shago, duk masu zane ne da ba a taɓa ba su labari mai shafi ɗari ba. A Legas Comic Republic suna fitar da nasu tun 2013, Iwájú na Kugali ya hau Disney+ a 2024, labarin Legas ta gobe inda masu kuɗi ke tsibiri talakawa ke tsallake. Mu da muke da Zoo Road cike da marubutan fim a nan maƙwabtanmu, da Farm Centre inda ake tura wa dubban mutane fina-finai a waya kullum, da jama'ar da ta karɓi fassarar Algaita hannu bibbiyu don kawai an yi mata magana da harshenta, a ce ba mu da labarin zane guda ɗaya da gari yake jiran fitowar kashi na gaba?

Uzurin tsadar takarda ya ƙare. Marubutanmu mata sun riga sun nuna hanya: littafi ya bar kasuwa ya koma WhatsApp, ana biyan 'yan ɗaruruwa a shiga rukuni, ana sakin shafi kullum. Mutanen Koriya haka suke karanta zanensu, a waya, ana ja daga sama zuwa ƙasa. Matsalar da na sani ta gaske ita ce zane yana cin lokaci fiye da rubutu, shafi ɗaya mai kyau yana iya cinye wa mutum yini guda, kuma mu mutane ne masu son a turo mana kyauta. Idan mai zane ba zai ci abinci da aikinsa ba, zai koma yin fosta ta 'yan siyasa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Saboda haka masu cewa "a yi mana namu", a shirya biya.

Kuma don Allah idan za a yi, kada a kwaso mana Bature a sa masa hula a kira shi Audu. Maganar da ke bakin mutane ta zama Hausar da ake yi a bakin titi, Hausar mai shayi da ta 'yan adaidaita da ta tsohuwa mai ƙosai. Ko ƙanƙarar ce ma a saukar da ita, ba laifi, Oesterheld ya yi, amma ta sauka a kan gadar Dangi. Ni da zan samu mai zane, ga abin da zan ba shi: hazon hunturu ya sauko a Disamba kamar kullum, sai Maris ta zo bai ɗaga ba, Yuni ta wuce ba hadari, rana ta koma kamar farin faranti, sola ta daina caji. Shekara ta biyu ke nan. Manyan gari sun tattara a wata unguwa mai katanga inda rijiya mai zurfi ɗaya tilo take aiki. Jaruminmu ɗan garuwa ne, saboda shi kaɗai ya san kowace tsohuwar rijiya daga Gyadi-Gyadi zuwa Darmanawa da Unguwa Uku, da wadda aka rufe aka yi shago a kanta. Tare da shi akwai wata nas da ba ta koma gida ba tun ranar da motoci suka tsaya, da wani gardi da ya rage da ƙananan almajirai goma sha ɗaya bayan malaminsu ya tafi neman hatsi bai dawo ba. Shafin farko babu magana ko ɗaya: kura ce mai jarka goma sha biyu, babu ruwa a ko ɗaya, ana tura ta a tsakiyar Zariya Road da tsakar rana, ba mota ko guda.

Wanda ya san yaro ko yarinya mai hannun zane a Tarauni ko kewaye, ya ambato sunansa a ƙasa ko ya turo mini aikinsa ta akwatin saƙo. Marubuta biyu sun riga sun nuna sha'awa, mai zane muke nema, kuma ba aikin kyauta ba ne.